Kwamfuta ma tana jin zafin bazara: yadda ruwa ke sanyaya ta

Duk wanda ya taso a Kurawa, ko Sabon Birni, ko Isa, ba sai an ba shi labarin bazara ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, har inuwa ma ta gagari zama. To, yadda muke jigata, haka kwamfuta take jigata. Tun da JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, da yawanmu sai da iyaye suka yi ɗawainiya kafin mu samu ta gwaji. Asara ce babba zafi ya kashe ta.

Duk wutar da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ci, zafi take komawa. Idan zafin ya doshi digiri 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa za ku ji fanka na ihu, aiki kuma yana tafiyar hawainiya. Wasu masu wasannin kwamfuta kuma sukan ƙure mata gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta. Gudun yakan ƙaru, amma cin wuta da zafi sun fi shi ƙaruwa. A nan ne ake neman taimakon ruwa.

Me ya sa ruwa? Mun karanta a darasin fiziks cewa kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na kilo ɗaya na iska kusan sau huɗu. Dabarar irin ta mota ce. Ana ɗora wani faranti na jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwar, ruwa ya bi ta cikinsa ya kwashi zafi, famfo ya tura shi ta tiyo zuwa lagireto, fanka ta fifita shi, ya dawo. Kamfanin Asus ya nuna kwamfutar tafi-da-gidanka mai irin wannan tsari, GX700, a 2015. Sai dai famfon da lagireton suna cikin wani akwati daban da ake jona mata, mai nauyin da ba a yawo da shi. Galibi kwamfutar tebur ake haɗa wa wannan tsari.

Wajen zaɓen famfo, ku tuna da masu noman rani a bakin Gulbin Rima. Abu biyu suke dubawa a injin ban ruwa: yawan ruwan da yake fitarwa, da ƙarfin da yake tura shi zuwa tudu. Haka abin yake a nan. Famfo biyu ne suka yi suna, D5 da DDC, kuma dukansu da wuta bolt 12 suke aiki. D5 ya fi girma, ya fi yawan ruwa, ba shi da ƙara sosai. DDC ƙarami ne mai ƙarfin turi, don haka ya fi dacewa da matsattsen akwati, amma jikinsa na ɗaukar zafi, sai an bar masa hanyar iska. Kowanne aka zaɓa, kada a kunna shi babu ruwa, domin ruwan ne man da ke hana shi cin kansa.

Shi kuwa lagireto, da girman fankarsa ake auna shi: milimita 120, ko 240, ko 360. Masu haɗawa kan ware 120 ga kowace na'ura mai zafi, su ƙara wani 120 idan za a ƙure gudu. Mu a nan sai mun ƙara lissafi biyu. Na farko, lagireto ba ya iya sanyaya ruwa ƙasa da zafin ɗakin da yake. Idan ɗaki yana digiri 42, ruwan zai haura haka, alhali waɗannan famfuna iyakarsu digiri 60. Kenan muna buƙatar babba fiye da na mutumin Turai. Na biyu, ƙurar hunturu: lagireto mai matsattsun haƙora nan da nan yake toshewa, gara mai faɗin tsakani.

Randa ta fi lagireto wayo a wannan fanni. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska ya tafi da zafi, shi ya sa ruwanta ya fi ɗaki sanyi. Da wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Amma kada wannan ya sa ku kusantar da ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma ga kwamfuta. Raɓa da lantarki ba sa ga maciji.

Ga mai son gwadawa: a zuba tataccen ruwa irin na batir, ban da na rijiya. Kada a haɗa jan ƙarfe da alminiyon a hanyar ruwa ɗaya, don ɗaya zai cinye ɗaya. A bar famfo ya yini yana aiki shi kaɗai, a tabbatar babu yoyo, kafin a ba sauran kayan wuta.

Ga mafi yawanmu kuwa, magani ya fi haka araha. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa, a ɗaga bayanta iska ta shiga, a riƙa kakkaɓe ƙura, a bar aiki mai nauyi sai da asuba ko da dare. Wanda ya fahimci yadda zafi ke tafiya, ya riga ya amsa tambayoyi da dama a takardar fiziks.