Kirsimeti A Galmi: Tsakanin Majami'a Da Bashin Kasuwa

Duk wanda ke bin babbar hanyar kwalta da ta taso daga Birnin Ƙonni ta ratsa Malbaza da Galmi zuwa Madawa ya san da zarar Disamba ta kama, kasuwa sai ta sake fuska. Teloli ba barci, kaji da awaki sun yi tsada, ga kayan wasan yara na ƙasar Sin da fitilu masu walƙiya an baza a tebur. Abin da ya jawo hakan shi ne bukukuwan ƙarshen shekara, musamman Kirsimeti, wadda mutanen Nijar suka fi kira Noel.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, amma ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce a ƙasar baki ɗaya. A gundumar Malbaza kuwa Kiristanci ba baƙo ba ne. Tun 1950 mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin Galmi, wanda har gobe marasa lafiya ke zuwa daga sassan jihar Tawa da Maraɗi, har da ƙetaren iyaka daga Sakkwato. A kewayensa ne iyalan Kiristoci Hausawa suka zauna, suna noman albasa da saye da sayarwa kamar kowa, suna karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932.

To, ina matsalar take? A ganinmu ba sabon zane ne laifi ba, ba kuma nama ba. Matsalar ita ce lokacin da bikin ke faɗowa. Disamba tsakiyar aikin lambu ce. Albasar nan ta Galmi da ake yabo har Abijan da Akara tana cikin ƙasa, tana neman taki, injin ban ruwa yana neman mai, 'yan ƙwadago suna jiran haƙƙinsu. Kuɗin da magidanci ya zara don kada a ce 'ya'yansa sun fi na kowa tsufan kaya, daga bakin lambu ya zare su. Ita ma uwargida da ta karɓi turmin anko bashi, ta kuma ci adashinta tun kafin lokaci, jarin tuyarta ta taɓa. Kwana ɗaya ake bikin, amma sai a kai watan Maris, lokacin cirar albasa, ana ɓuya wa mai atamfa.

Anko ya cancanci a tsaya a kansa. Asalinsa abu ne mai kyau, matan zumunta su fito iri ɗaya su yi waƙa, ba a gane mai kuɗi da talaka. Amma idan aka zaɓi zanen da matar ma'aikaci kaɗai ke iya saye, to an juya abin. Wadda ba ta samu ba sai kunya ta hana ta zuwa sujada, ta zauna gida ranar da aka fi bukatar ganinta. Shugabannin zumuntar mata su ne da wuƙa da nama a nan: ko su zaɓi mai sauƙi, ko a maimaita na bara.

Labarin da ake karantawa a majami'a ranar bikin shi kansa bai goyi bayan ƙarya ba. Sura ta 2 ta Linjilar Luka ta nuna an kwantar da jaririn a komin dabbobi, makiyaya ne suka fara zuwa ganinsa, kuma hadayar da Maryamu da Yusufu suka kai Haikali ita ce ta tsuntsaye biyu, wadda shari'ar Musa ta yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Iyalin da suka zauna da yaransu daren jajibiri suka karanta wannan, suka yi addu'a tare, sun riƙe abin da ake bikin dominsa ko da tsohuwar riga ce a jikinsu. Haka nan ware baiko da rabon gwauruwa da maraya tun kafin a shiga kasuwa, ba sai abin da ya rage ba. A gari irin Galmi kuma ba a neman wanda za a ziyarta da nisa, ga majinyata da masu jinya nan da suka baro garuruwansu.

Sai kuma kwanon maƙwabci. Wanda ya aiko maka da naman layya da Babbar Salla, shi ma yana da haƙƙin shinkafa da miyar Kirsimeti. Bayan ƙone-ƙonen majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, kowa ya ga cewa wannan kwano ya wuce zancen abinci.

Mu tuna da 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an rufe iyakar Illela da Ƙonni, kaya suka koma bin hanyoyin daji da tsadar gaske, shinkafa ta gagari gidaje da yawa. Ba a buɗe iyakar ba sai Maris 2024, amma ba a ɗage Kirsimeti ba.

Ku kuma 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, Musulmi da Kirista, ciniki halal ne, kuma ba mu ce a ƙi riba ba. Sai dai idan abokiyar cinikinki ta shekara da shekaru ta zo neman turmi uku bashi, kin san lambun mijinta kin san jarinta, ba ta ɗaya ki ce ta dawo bayan an ciri albasa.