Mece ce "damar shiga" a wuraren tarihi?

Kalmar ta yawaita a labaran yawon buɗe ido. Ma'anarta ita ce mai keken guragu ya iya shiga wuri, ya zagaya, ya yi amfani da banɗaki, ba tare da an ɗauke shi cak kamar kaya ba.

Yadda ake yi: a shimfiɗa gangara kusa da matakala, tsawon mita 12 ga kowace mita ɗaya ta tudu, a faɗaɗa ƙofa, a sa lif. Amma tsohon gini ba a taɓa shi da garaje. A Akrofolis, tsaunin tarihi na birnin Atina a Girka, an sa lif a 2004, aka sabunta shi a Disamban 2020, aka kuma zuba hanyoyin siminti. Wasu masana tarihi suka ce simintin ya ɓata wurin. Ƙorafinsu abin dubawa ne, sai dai wanda ya shekara yana hangen tsaunin daga ƙasa shi ma yana da hakki.

Tsofaffi da masu sanda duk suna amfana. A Najeriya, dokar nakasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya wuce.