Laƙabi biyu a manne: gyaran da aka yi wa Sass

Duk wanda ya koyi haɗa shafin intanet a Kazaure, a makarantar Informatics ko a kwalejin Hussaini Adamu, ya san CSS. Shi ke ba shafi launi da girman rubutu da tsari. Kana ƙirƙirar laƙabi, a ce .sako, ka rubuta kwalliyarsa sau ɗaya, duk abin da ka liƙa wa laƙabin ya samu.

Da shafuka suka yi girma, aka fito da Sass a 2006 don rage maimaici, kuma da shi aka gina Bootstrap, wani tarin kwalliyar shafi da aka riga aka shirya, tun fitowa ta 4 a 2018. A cikinsa akwai umarnin @extend, wanda ke cewa: wannan laƙabi ya gaji kwalliyar wancan. In laƙabi ɗaya ne, lafiya lau. Rigimar tana tasowa ne in aka manna biyu, kamar .sako.gaggawa, wato abin da ke ɗauke da su duka.

Irin wannan ne ƙannena masu koyo suka fi kawo mini: launi ya fito, iyakar akwatin ta ɓace. LibSass, injin da da yawa ke amfani da shi a da, yakan karɓi umarnin ba musu, amma sai ya kwaso dokokin da laƙaban biyu suka zo tare kaɗai, ya bar na .sako shi kaɗai da na .gaggawa shi kaɗai. Kamar a ce ka gaji uwa da uba, sai a miƙo maka abin da suka saya tare kawai.

Masu Sass ba su tsaya yin faci ba. Sabon injinsu, Dart Sass, ya haramta rubutun gaba ɗaya, yana tsayar da aiki ya nuna kuskure, kuma a 2020 aka shawarci kowa ya bar LibSass. Wasu sun ji haushi, don tsofaffin ayyukansu sun ƙi tashi. Ni dai ina bayan masu gyaran: gara injin da zai ƙi ka a fili da wanda zai ba ka rabi ya yi shiru.

Maganin ma waƙafi ne: @extend .sako, .gaggawa. In kuwa dokokin haɗin kaɗai kake so, ka ware musu suna mai alamar % a gaba, ka gaji wannan. Ɗaliban sabuwar jami'ar fasaha ta Babura, in kun ci karo da tsohon darasi a YouTube, ku duba shekararsa kafin ku kwafa.