Ganyen Shu da Kumburin Nonon Mai Jego

Ƴan'uwa, da wuya a samu ɗayanmu da bai taɓa zama gida ɗaya da mai jego ba. Kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa, nono kan cika ya yi tauri, ga zogi, har jariri ya kasa kamawa. Akwai wata tsohuwar dabara da matan Turai suka daɗe suna yi da ganyen shu, wato kabeji. Tunda lokacin sanyi ga shi nan birjik a kasuwa, ya kamata mu ma mu san ta.

A ɓare ganye mai kyau a wanke tas, a cire jijiyar tsakiya, a murza shi da kwalba ya yi laushi. A sanyaya shi a firigo, in babu, a tsoma cikin ruwan randa. Sai a lulluɓe nonon da shi, ban da kan nono, kamar minti 20. Sanyin nan ne ke rage zogi. Amma abin da ke sauke kumburin shi ne fitar ruwan nono, don haka kar a daina shayarwa.

To, ganye yana da iyaka. Ba a ɗora shi kan rauni. In masassara ta shigo, ko wurin ya yi ja, ko mugunya ta fito, ciwon ya wuce na ganye. Mu gaya wa iyayenmu a tafi likita ranar, kar a jira ya zama ƙurji. Allah Ya ƙara mana lafiya.