Makarantar Starehe ta Birnin Nairobi

A cikin shekarar 1952 Gwamnatin Ingila ta sa dokar ta-ɓaci a ƙasar Kenya saboda tawayen Mau Mau, ba a kuwa janye ta ba sai a farkon 1960. A waɗannan shekaru an kashe dubban mutane, an kuma tsare waɗansu dubbai a sansani-sansani, yawancinsu 'yan kabilar Kikuyu. A 1954 soja da 'yan sanda suka kewaye birnin Nairobi, suka kwashe mutum fiye da 20,000 zuwa wuraren tsaro. To, in an kama uba, an kora uwa ƙauye, ina yaro zai nufa? Sai titi. Garin ya cika da yara marasa galihu, suna kwana a rumfunan kasuwa, suna tonon juji, suna bara, wanda ya ga hanya kuwa ya yi sane. In an kama su a kan yi musu bulala, ko a mai da su ƙauye, amma bayan kwana kaɗan sai ga su sun komo, don abin da ya kore su yana nan.

Akwai wani Bature haifaffen Kenya, ana ce da shi Geoffrey Griffin, an haife shi a garin Eldoret a 1933. Da farkon tawayen soja ne, yana gefen Gwamnati, amma abin da ya gani ya fitar masa da aikin daga rai, ya bari. Ya koma aiki cikin waɗanda a ke tsare da su. A sansanin Manyani ya tarar an cuɗa samari ƙanana da manya, sai aka ware su aka kai su wani wuri mai suna Wamumu, ya zama yana cikin masu kula da su. Can ya sa musu karatu da sana'a da wasanni. Abin da ya gane shi ne, yaron da kowa ya ɗauka ya lalace, in an ba shi abinci da aikin yi, aka kuma nuna an yarda da shi, sau da yawa ya kan riƙe amanar.

Da wannan sanin ya komo Nairobi. A 1959 shi da abokansa biyu 'yan ƙasa, Geoffrey Geturo da Joseph Gikubu, suka buɗe wurin saukar yaran titi. Shi Gikubu ɗin yana cikin samarin da aka tsare a Wamumu, watau wanda aka tsare da wanda ya tsare shi ne suka haɗa kai. Suka fara da yara 17, a cikin ɗakunan kwano guda biyu waɗanda kamfanin mai na Shell ya ba su. Sunan wurin Starehe, ma'anarsa da harshen Suwahili hutawa ko kwanciyar rai.

Ba da allo aka fara ba. Yaron da ya kwana da yunwa, jikinsa duk ƙazwa, yana tsoron kowane babba, ba ya jin karatu ko da malamin ya kai malami. Sai da aka ba su tuwo da gado da magani da tufafi tukuna, sa'an nan aka kawo littafi. Da farko karatun firamare ne da sana'ar hannu, daga baya aka buɗe sakandare.

Amma abin da ya raba Starehe da sauran gidajen marayu shi ne yadda aka danƙa wa yara ragamar zamansu. Manyan ɗalibai su ke lura da ɗakunan kwana da tsabta da horon ƙanana. Mako-mako kuma a kan yi wani taro da a ke kira Baraza, watau majalisa. Duk makaranta ta kan hallara, shugaba yana zaune, kowane yaro yana da iko ya miƙe ya faɗi kukansa, ko a kan abinci ne, ko a kan wani babban ɗalibi da ya zalunce shi, ko ma a kan shugaban kansa, ba kuwa mai hukunta shi don abin da ya faɗa a nan. Ga wanda ya san makarantun zamanin mulkin Turawa, inda yaro ba ya ɗaga ido gaban malami, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron titi ya saba da duniyar da mai ƙarfi ke cin rarrauna, ƙara kuwa ba ta da wurin kaiwa. Ran da ya ga ya yi magana an saurara, har an gyara abin, ran nan ya ke fara yarda akwai wata hanya ban da ƙwace da gudu.

Har ila yau a kan tura su lokacin hutu su yi aikin sa kai a asibitoci da waɗansu ma'aikatu ba da lada ba. Dabara ce mai kyau, don wanda ya tashi yana miƙa hannu, in ba a koya masa bayarwa ba, sai ya girma yana ganin kansa abin tausayi.

Kuɗin riƙon makarantar ya fito daga masu taimako na gida da na waje, har da ƙungiyar Save the Children ta Ingila. Tsarin da aka bi shi ne kamar yara 70 cikin 100 ba su biyan ko anini, sauran 'ya'yan masu hali ne da ke biya, tufafinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Akwai coci a ciki, akwai masallaci.

Ba a daɗe ba makarantar ta shiga sahun gaba a jarrabawar ƙasa, ta yi shekaru tana nan. Daga cikinta aka sami likitoci da lauyoyi da malamai. Paul Ereng, wanda ya ci lambar zinariya a tseren mita 800 a wasannin Olimfik na birnin Seoul a 1988, ɗanta ne, haka kuma Raphael Tuju, wanda ya yi Ministan Harkokin Waje na Kenya.

Sai dai suna ya zo da nasa nauyi. Da masu nema suka yi yawa, sai zaɓe ya koma kan 'ya'yan talakawa da marayu waɗanda suka ci jarrabawa da kyau. Alheri ne babba, amma yaron da ke kwana a bakin titi bai shiga aji ba, balle ya ci jarrabawa. Irin waɗannan sai waɗansu suka ɗauki nauyinsu, kamar ƙungiyar Undugu, wadda wani fada ɗan ƙasar Holan, Arnold Grol, ya kafa a Nairobi a 1973 domin yaran da ke gadin motoci a tsakiyar gari.

Griffin ya riƙe shugabancin Starehe shekara 46, har ya rasu a 2005. A wannan shekara ce kuma aka buɗe ta 'yan mata a bayan birnin.