Wa Zai Fito? Daɗin Kallon Gwanin Ban Dariya a Daɓe

Idan aka yi shelar wasan daɓe a gari, tambayar da ke fara fitowa daga bakin mutane ita ce: wa zai fito? Kaɗan ne ke damuwa da labarin. Suna kuwa da gaskiya, domin a wasan ban dariya ɗan wasa ne ke ɗauke da nauyin aikin. A Damagaram, a shekarun 1970 da 1980, ƙungiyar su Yazi Dogo ba ta dogara da rubutaccen wasan da kowa zai haddace ba. Sukan zauna su tsara ƙashin labari, su raba matsayi, sauran magana sai an hau daɓe. Yazi Dogo malamin makaranta ne, ya san yadda ma'aikaci ke kumbura murya idan talaka ya shigo ofis, ya san yadda ake cusa Faransanci cikin Hausa don nuna isa. Haka Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023: sojan gaske ne kafin ya kwashe Hausar bariki ya kai ta rediyo da talabijin a Kaduna. Dariyar da suka ba mutane ta fito ne daga abin da suka zauna da shi suka sani.

Ka dubi gwani a kan daɓe lokacin da abokin wasansa ya jefa masa magana. Ba ya saurin amsawa. Zai gyara zaman hula, ya kalli ƙasa, ya ɗago ido ɗaya ya dubi 'yan kallo, sai ya ji dariya ta fara lafawa sannan ya saki kalmar da ya riƙe. Da ya yi gaggawa, hayaniya ta haɗiye ta. Da ya daɗe, ta yi sanyi. Wannan awon lokaci da kunne ake yin sa, kuma kowane dare da irin nasa, domin taron yau ba na jiya ba ne.

Akwai masu cewa duk shirme ne da zubar da mutunci. Wani ɓangare na kokensu gaskiya ne: ɗan wasan da ke neman dariya ta hanyar muzanta gurgu ko wata ƙabila ya gaza, kuma ya kamata a faɗa masa. Amma kwaikwayo don gyara tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa. Yara na yin tashe da azumi suna kwaikwayon tsofaffi, 'yan kama na kwaikwayon malamai, a wasan gauta har sarki akan kwaikwaya, kuma mai hankali kan gane kansa ya gyara ba tare da an kira sunansa ba.

Wasu kuma na ganin fim da waya sun wadatar. Sun manta cewa Turmin Danya na 1990, wanda ake ƙirga farkon finafinan Hausa na bidiyo daga kansa, aikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ne a Kano. Daɓe ne ya horar da mutanen da kyamara ta samu a shirye. Don haka idan ka ji za a yi wasa a makarantar unguwarku ko gidan al'adu, ka biya kuɗin ƙofa ka shiga, ka tafi da yaranka.