Abin da ya kamata ku sani: raunin bangaskiya da tabbacin alherin Allah

Tun da cuta ta ruɓar da gonakin citta a Kachia da kewaye a daminar 2023, ga kuma masu garkuwa da mutane sun hana sakat, tambaya ɗaya ke yawo a zukatan masu bi: ko don bangaskiyata ta yi ƙaranci ne Allah ya juya mini baya?

Koyarwar Kirista ta ce a'a. Alheri kyauta ne, ba lada ba, kamar yadda Manzo Bulus ya bayyana a Afisawa 2:8-9. Abin da ke ceton mutum shi ne wanda ya dogara gare shi, wato Yesu Almasihu, ba ƙarfin dogarar ba. Mai haye gada jikinsa na rawa da mai haye ta yana fito, duk gadar ce ta ɗauke su.

Ku buɗe Markus sura 9. Wani uba ya kawo ɗansa da aljani ke kayarwa yana kumfar baki. A numfashi ɗaya ya ce ya gaskata, ya kuma roƙi a taimaki rashin gaskatawarsa. Yesu bai ce ya je ya ƙaro bangaskiya ya dawo ba. Nan take ya warkar da yaron. Bitrus ma da ya fara nutsewa cikin ruwa a Matiyu 14, sai da Yesu ya kama shi tukuna ya tsawata masa.

Ikilisiyoyi sun ɗan bambanta a kan tabbacin ceto. ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, da Baptis suna koyar da cewa mai bi zai iya samun tabbacin ceto tun a duniya. Katolika kuwa, tun matsayar da taron Tirent ya ɗauka a 1547, ta ce ba wanda zai bugi ƙirji da cikakken tabbaci a kan kansa, amma haramun ne a yi shakkar jinƙan Allah.

Babu ko ɗaya a cikinsu da ta yarda a ce wa gwauruwa da ta sayar da gona ta biya kuɗin fansa wai addu'arta ce ba ta kai ba. Mai wa'azin da ya faɗi haka ya ɗora wa nauyi dutse.

Idan zuciyarku ta yi sanyi, kada ku ƙaurace wa sujada don kunya. Ku sami fasto, ko fada, ko wata dattijuwa a Zumuntar Mata, ku faɗi damuwarku yadda take.